Turmin Hagu Ya Riga Mu Gidan Gaskiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunci ɗaya da bai gama sacewa ba, ni Hezekiya Pwajok na unguwar Daɗin Kowa a Jos, tsohon ma'aikacin gwamnati mai ritaya kuma ɗan ƙungiyar mawaƙan cocinmu, a madadin kaina da matata Fibi da ɗanmu Joshua, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar haƙorina, abokin cin abincina, wanda aka fi sani a gidanmu da suna Turmin Hagu. Ya rasu ranar Litinin ta makon jiya da hantsi, a wani asibitin haƙori da ke Kabong, bayan doguwar jinya. Ya bar duniya yana da shekara sittin da 'yan kai.

An haifi marigayin a ƙauyenmu, can bayan Bukuru, a muƙamuƙina na ƙasa ta ɓangaren hagu, lokacin ina yaro ɗan shekara shida ko kusa da haka. Bai ture kowa ba kafin ya samu wurin zama. Ya fito ne a bayan haƙoran nono, a filin da babu mai shi, kuma ya fito cikin natsuwa har uwata ba ta san da zuwansa ba sai ranar da ta ji na fasa gyaɗa da ɓawonta. Haka ya yi rayuwarsa duka, a lungu, yana aiki. Haƙoran gaba su ne ake gani a hoton aure, su ne a hoton katin fansho, su ake yaba wa in mutum ya yi dariya. Shi kuwa bai taɓa fitowa a hoto ba sai kwana ɗaya kafin rasuwarsa, kuma ko shi baƙi da fari ne.

Waɗanda suka zauna kusa da ni wurin cin abinci za su shaide shi. Bai taɓa mayar da ƙuli-ƙuli ba, komai taurinsa. Gasasshiyar masarar bakin titi, wadda ta kwana biyu a hannun mai sayarwa, shi ake miƙa wa. Rake, aya, kantu, ƙashin kaza har ɓargonsa, duk ya karɓa bai yi ƙorafi ba. Muryarsa ba ta da yawa amma kowa a gidan ya san ta: ƙaras in ya samu gyaɗa, ƙurmus in ya samu guringuntsi. Fibi takan ce tun daga kicin take gane ko naman ya dahu, don in ta ji shiru daga falo to ya yi laushi, in ta ji marigayin yana magana to gobe sai ta ƙara wuta. A zamanin samartaka ya taɓa buɗe kwalbar lemo a bikin wani abokina, a gaban 'yan mata, kuma a cikin 'yan matan nan akwai Fibi. Ita dai ta ce ba wannan ne ya ja hankalinta ba. Ni da marigayin muna da namu ra'ayin.

Rashin lafiyarsa ta farko ta same shi ne ina ƙaramin akawu, a shekarun da shayin ofis yake zuwa da gwangwanin sukari kowa ya ɗebi son ransa. Wani ɗan rami ya bayyana a tsakiyar kansa. Likitan haƙori na wancan lokacin ya share ramin da injinsa mai kuka, ya kwaɓa wani abu mai launin toka, ya danna shi ciki tun yana da laushi, kafin gari ya waye ya daskare ya zama ƙarfe. Na tambaye shi me ya sa mini, ya ce garin azurfa ne da kuza da ɗan jan ƙarfe, an kwaɓa su da zaiba, wannan ƙarfen da yake gudu kamar ruwa. Da na je ƙauye na gaya wa babana. Shi kuwa ya yi shekaru yana haƙar kuza wa kamfani, yana kallon ana lodinta ana tafiya da ita inda bai sani ba. Ya ce in buɗe baki. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya ce to madalla, ko ba komai kaɗan daga cikinta ta dawo gida. Tun daga ranar marigayin ya samu wani matsayi a idona. Illar cikon ɗaya ce kawai: in takarda mai ƙyalli ta taɓa shi, sai in ji kamar na lashi wayar wuta. Na koyi kiyayewa, muka ci gaba da zama lafiya kusan shekara arba'in.

Bayan na yi ritaya ne na ba ƙungiyar mawaƙa lokacina sosai. Ni da abokina Fidelis muke riƙe da babbar murya a layin baya. Da shekaru suka ja, maƙogwarona ya fara kaushi, sai Fidelis ya koya mini shan minti mai sanyaya wuya. Ya yi aiki ƙwarai. Nakan sa ɗaya a kuncin hagu bayan karin kumallo, in ya narke in sa wani, haka har lokacin kwanciya. Ba na taunawa, ajiyewa kawai nake yi a gefen marigayin, kuma a ganina karramawa ce, tun da shi ya sha wahalar masara ya kamata ya ɗanɗani zaƙi a tsufansa.

A tsakiyar daminar bana ciwon ƙarshe ya fara. Wanda ya san ruwan famfon Jos da safe a watan Agusta ya san ba ya bukatar firiji. Na kurɓa zan kurkure baki, sai marigayin ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ya yi ba, tsiiit, tun daga muƙamuƙi har cikin kunne. Bayan 'yan makonni shayi mai zafi ma ya zama abokin gaba. Daga nan sai ya koma bugu, dum, dum, kamar ana aikin gini a gidan maƙwabta. Na sa masa kanumfari. Na kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi. Fidelis ya ce tsutsa ce, ya kawo mini ruwan batir a 'yar kwalba ya ce in ɗiga kaɗan ta mutu. Fibi ta tsinci kwalbar a aljihun rigata, ta tambaya, na ce na rediyo ne. Ta ce rediyonmu na wuta ne, ta zubar da ruwan a bayan gidanmu, ciyawar wurin har yau ba ta sake fitowa ba.

A nan dole in yi wa masu karatu bayanin abin da ya hana a kai marigayin asibiti da wuri, don na san za a tambaya a wurin makoki. Ɗanmu Joshua, wanda shi kaɗai Allah ya ba mu, ya kawo mana wata yarinya gida tun bara ya ce ita yake so ya aura. Sunanta Obianuju, 'yar Mista Emenike mai sayar da kayan wuta a wajen kasuwar Terminus. A Kabong aka haife ta, a nan ta yi karatu, kuma likitar haƙori ce. Ban ce a'a ba. Babu wanda zai tsaya a gaban Allah ya ce ya ji na ce a'a. Na dai ce zuwa gaishe da iyayenta ba abin gaggawa ba ne, a bari a gama Kirsimeti. Da aka gama na ce a bari a yi shuka. Da aka yi shuka na ce hanya ta lalace, a bari ruwa ya ɗauke, ko da yake daga Daɗin Kowa zuwa Kabong kwalta ce. Abin da ke raina shi ne, na ga yadda unguwa take zama wayam kowane Disamba in mutanen kudu maso gabas, irin su Mista Emenike, sun cika motoci sun tafi, kuma na hango ni da Fibi mu biyu a gaban tukunyar shinkafa, jikokinmu suna can wani gari suna jin yaren da ba namu ba. Joshua ya daina tayar da maganar. Ya kuma rage zuwa cin abincin Lahadi, wanda hakan ya fi maganar ciwo.

To yanzu a duba halin da nake ciki. In na ce haƙori yana ciwo, kowa ya san inda za a kai ni. Mutumin da ya yi shekara yana jan ƙafa ba zai je ya kwanta a kujera ya wangale baki a gaban yarinyar da yake ja wa ƙafar ba. Don haka ni da marigayin muka yi shiru, na koma tauna da dama, in Fibi ta kalle ni in yi kamar ina tunanin waƙa.

Wajen ƙarshen Oktoba ciwon ya ɗauke cak. Na yi godiya ga Allah, na gaya wa Fidelis kanumfari ya yi aiki. Daga baya ne na ji cewa a lokacin nan jijiyar cikinsa ce ta mutu, wato marigayin ya riga ya cika, gawarsa ce nake yawo da ita ina ba ta minti.

Ranar Lahadin godiyar girbi na tashi da zazzaɓi, kuncina na hagu ya yi kamar na ɓoye dankalin Turawa a ciki. Na naɗe wuya da mayafi na ce sanyi nake ji, na tafi coci, don ranar muna da waƙa ta musamman kuma ba zan bar Fidelis shi kaɗai a layin baya ba. Da mai koyar da mu ya ɗaga hannu, kowa ya buɗe baki, nawa ya ƙi buɗuwa. Yatsa ɗaya da ƙyar zai shiga. Na tsaya ina gurnani a cikin hanci har aka gama baiti na farko, sai na ga Fibi ta taso daga layin ƙungiyar mata zumunta ta cocinmu, ta bi ta gefen buhunan acca da doyar da aka kawo baiko ga Allah, ta zo ta janye mayafin a gaban kowa. Ta kalli kuncin, ta kalle ni.

"Baban Joshua, tun yaushe?"

Na ɗaga mata kafaɗa.

"Wuce mu tafi," in ji ta. Tana tafe tana kiran Joshua a waya.

Obianuju daga tata cocin ta taho. Ta buɗe asibitin da take aiki da kanta, ta ɗora farar riga a kan kayan Lahadi, ɗaurin kanta yana nan tsaye kamar rufin ɗaki. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta gaida Fibi da harshenmu na Berom, abin da ban san ta iya ba. Sannan ta taɓa ƙasan haɓata da yatsu biyu, na ga fuskarta ta canja.

"Baba, kuna iya haɗiye miyau?"

Na gyaɗa kai.

"Numfashi fa?"

Na sake gyaɗawa.

Ta juya wajen Joshua ta yi magana a hankali, amma kunnena na dama lafiyarsa ƙalau. Ta ce mugunya ce ta taru a gindin haƙorin, ta fara gangarowa ƙarƙashin muƙamuƙi, kuma in ta kai ƙarƙashin harshe tana iya toshe hanyar numfashi. Ta ce da an ƙara kwana biyu, ba asibitin haƙori za a kai ni ba. Fibi ta nemi kujera ta zauna. Aka ɗauki marigayin hoto, aka yi mini allura, aka ba ni magani, Obianuju ta ce in dawo washegari, kuma in na ji haɗiya ta fara wuya kada a tsaya neman ta, a wuce babban asibiti kai tsaye. Duk da haka da yamma sai ga ta a Daɗin Kowa ta zo ta sake taɓa wuyan da kanta.

Washegari bakin ya ɗan saki. Na kwanta a kujerar nan ina jiran ta kawo maganar da ke tsakaninmu, don in ni ne a matsayinta, da allura a hannuna da tsoho a kwance, ba zan bar damar ta wuce ba. Ta yi allurar kashe zafi, ta ce sai mun jira ta kama, ta ɗauko hoton ta nuna mini. Na ga marigayin a karon farko, da farin cikonsa a ka, da wata baƙar inuwa a ƙarƙashi.

"Ina tsutsar take?" na tambaya.

"Babu tsutsa, Baba. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, suna zaune a dattin da ke manne wa haƙori. Kowa yana da su, har ni. Sukari suke ci, in sun ci su fitar da tsami, irin tsamin da ke cikin nono. Farin ɓawon haƙori kuwa, duk jikin mutum babu abin da ya kai shi tauri, ya fi ƙashi. Amma kamar dutse yake, na kalsiyam da fosfet, kuma tsami yana narkar da shi kaɗan-kaɗan."

"In haka ne ai da tuni kowa ya zama wawulo."

Ta yi dariya. "Miyau ne yake ceton mu. In mutum ya gama ci, miyau yakan wanke tsamin cikin kamar rabin awa ko fiye, sannan ya mayar wa haƙorin abin da ya narke, kamar magini yana bin bango da yaɓe. Sinadarin fuloraid da ke cikin man goge baki yana sa sabon yaɓen ya fi na da ƙarfi. Amma sai an ba shi lokaci. Wanda ya sha zaƙi da yawa a zama ɗaya ya fi samun sauƙi a kan wanda yake shan kaɗan-kaɗan tun safe har dare, don shi na biyun bai bar maginin ya ɗora ko hannu ɗaya ba. Baba, akwai abin da kuke ajiyewa a wannan kuncin?"

Fibi ta amsa daga bakin ƙofa ta ce minti, kafin in yi tunanin abin faɗa.

Na nemi a sake masa ciko kamar na da. Obianuju ta ce wanda ya yi na farkon ya iya aiki, ba kowane ciko ne yake kai waɗannan shekaru ba. Sai dai irin wannan na ƙarfe ba ya mannewa da haƙori, zama kawai yake yi a ramin kamar murfi a bakin tukunya. Da shekaru suka yi yawa gefensa ya saki, tsamin ya samu hanya ya bi ta ƙarƙashi. Daga sama kamar babu abin da ya faru, daga ciki an cinye shi har jijiya. Ta ce da saiwarsa lafiya take da ta wanke cikin ta cike, amma ta tsage gida biyu. Ta nuna mini layin tsagar da bakin biro.

"Ku yi haƙuri, Baba. Da zai tsira da ban cire shi ba."

Marigayin bai tafi da sauƙi ba, kuma ina alfahari da hakan. Ta kama shi tana girgizawa a hankali, tana ce mini in numfasa ta hanci. Ban ji zafi ba, nauyi kawai nake ji, kamar ana tumɓuke rogo daga busasshiyar ƙasa. Maganarsa ta ƙarshe a duniya ita ce ƙaƙas, sannan ya faɗa ƙaramin faranti ya ce ƙwal. Ta danna mini auduga ta ce in cije. Har zuwa lokacin ba ta ambaci Joshua ba, ba ta ambaci gaisuwa ba, maganarta duka a kan ruwan gishiri ce da kada in tofar da miyau da ƙarfi. Abin ya dame ni. Da auduga a baki, leɓe ɗaya a mace, na ji kaina ina tambaya:

"Likita, a ina kuke yin Kirsimeti?"

Ta ajiye abin da ke hannunta. "Wata shekara a garin kakannina, wata shekara a Kabong. Ba zan ce muku ba ma zuwa ba, Baba, muna zuwa." Ta gyara mini audugar. "Lokacin da kasuwar Terminus ta ƙone ina ƙarama, shagon babana yana ciki, ko kwan fitila ɗaya bai fita ba. 'Yan uwansa suka aiko ya kwashe mu ya dawo gida. Ya ce musu ai yana gida. Ya kafa tebur a bakin titi ya sake farawa. Ni ban san wani gari kamar yadda na san wannan ba."

Na ƙara cije audugata, tun da haka likita ta ce. A mota Joshua ya tambaye ni ko akwai zafi, na ce masa ya tambayi Mista Emenike wace Asabar ce ba ya fita kasuwa. Ya kalle ni ta madubi har sai da uwarsa ta ce ya kalli hanya.

Marigayin ya rasu ya bar 'yan uwa ashirin da wani abu, wasu a sama wasu a ƙasa. Daga cikinsu akwai Turmin Dama, wanda dukan nauyin gidan ya koma kansa ba tare da an yi shawara da shi ba, da abokin aikinsa na sama, wanda yanzu in ya sauko ba ya tarar da kowa. Ya bar harshe, wanda har yau yake zuwa ƙofar ɗakinsa sau da yawa a yini yana leƙawa. Ya kuma bar maƙwabcinsa na kusa, wanda aka gano shi ma ciwon ya fara taɓa shi ta gefe, amma Allah ya yi da sauran kwanansa. A wannan makon Obianuju ta share masa wurin, ta ɗauko wani abu shuɗi ta ce tsami ne za ta shafa. Na kama hannun kujera na ce ba ke kika ce tsami ne ya kashe ɗan'uwansa ba? Ta ce wannan na ɗan lokaci ne kaɗan, yana yi wa ɓawon kaushi don cikon ya samu wurin kamawa, kuma yanzu za ta wanke shi. Ta wanke, ta shafa gam, ta cusa wani farin abu mai laushi wanda ta ce roba ce haɗe da garin gilashi, ta haska masa shuɗiyar fitila, nan take ya yi tauri. Na duba a madubi ban gane inda aka yi aikin ba. Babu ko ɗigon kuza a cikinsa, amma na haƙura.

Iyalan marigayin suna godiya ga ƙungiyar mata zumunta da suka yi ta aiko da kunu, da limamin cocinmu da ya zo ya yi addu'a bai yi dariya ba sai da ya kai bakin ƙofa. Muna godiya ga Fidelis saboda kyakkyawar niyyarsa, muna kuma sanar da shi cewa an ga baƙin tabon da ke turminsa na sama lokacin da yake jan amin, kuma an riga an ba da sunansa a Kabong. Waɗanda suka aiko da ƙuli-ƙuli don jaje, mun karɓa, Joshua ya cinye.

Ga yadda aka tsara jana'iza. Ba za a yi daren waƙoƙi ba, saboda babbar muryar ƙungiya tana hutun likita. Gawar tana nan a gida cikin kwalbar man shafawa da Fibi ta wanke, mai son ganin ta sai ya nemi izini, kuma kada a zo lokacin cin abinci. Za a binne shi ba tare da cikonsa ba, don Obianuju ta cire ta rufe a wata kwalba a asibiti, ta ce abin da ke da zaiba ba a zuba shi a ƙasar da ake shuka. Na yi gardama kaɗan na bari.

Za a yi binnewar ranar Asabar mai zuwa da safe, a bayan gidanmu da ke Daɗin Kowa, a gindin itacen fiya. Za a raba kunun acca, babu sukari, wanda ba zai iya ba ya sha a gidansa kafin ya taho. Kada a kawo furanni, kada a kawo minti. Ana roƙon masu jawabi su taƙaita, domin da an rufe ramin ni da Fibi da dattawan gidanmu za mu canja kaya mu wuce Kabong, gidan Mista Emenike, inda ake jiran mu kafin rana ta take. An gaya mini a can sai an fasa goro kafin a fara kowace magana, kuma baƙon da ya ƙi ci ya yi laifi. Saboda haka ina sanar da dangin Emenike tun yanzu: in sun ga na karɓi nawa da hannu biyu na sa a aljihu, kada su ɗauka akwai sauran wani abu a raina. Wurin ne bai gama warkewa ba, likita ta hana ni abu mai tauri, kuma ni yanzu ina jin maganar 'yata.